Furen bakin rafi yana ƙarewa a Mambilla: in tono shi in kai makaranta?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke kusa da Nguroje, a tsaunin Mambilla. Tun muna yara akwai wani fure mai ruwan hoda da ke fitowa da damina a dausayin bakin rafinmu, karansa ɗaya tak, furannin a jere kamar zangarniya, kuma idan aka tona sai a ga ƙwaya biyu kamar tumuku a ƙasa. A da yakan rufe wurin, bana kuwa da ƙyar na ƙirga ashirin. Ni da ɗalibaina muna so mu tono sauran mu dasa a harabar makaranta, sannan mu shuka itacen turare dubu a gefen rafin domin gyara muhalli. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, domin mutum ɗaya cikin dubu ne zai lura cewa wani fure ya ragu, balle har ya tsaya ya ƙirga. Amma ina roƙonka ka ajiye fartanya tukuna. Abubuwa biyun da ka ambata, tonowa da shuka turare, kowanne shi kaɗai ya isa ya ƙarasa ashirin ɗin nan. Na faɗi haka da ƙarfi ne saboda ni ma na taɓa aikata na farkon.

Ina ɗalibi, a fitarmu ta farko zuwa tsauni, na ga irin wannan fure a wani dausayi, ya burge ni, na sa wuƙa na tono guda shida har da ƙasarsu, na naɗe a tsumma mai laima. Na kai su lambun sashenmu na sa a tukwane, ina ba su ruwa safe da yamma kamar mai jinyar uwa. Shekarar farko biyu suka tofo, ba fure. Shekara ta biyu na zazzage tukwanen, sai ɓawon ƙwaya na samu, ya ruɓe ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Malaminmu bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni guda nawa na bari a dausayin. Ban ƙirga ba. Wannan tambayar ta fi bulala zafi.

Siffar da ka bayar, kara ɗaya da zangarniyar fure da ƙwaya biyu a ƙasa a wuri mai laima, siffar dangin okid na ƙasa ce, irin su Disa da Satyrium da ake samu a ciyayin tsaunukan Afirka. Ƙwaya biyun nan ɗaya ta bara ce da ke ƙarewa, ɗaya ta bana ce da ke tara abincin baɗi. Dalilin da ya sa dashensu ke da wuya yana cikin ƙasar da suke. Irin okid ƙanana ne kamar ƙura, kwanso ɗaya yakan ɗauki dubbai, kuma babu guzurin abinci a cikinsu kamar yadda ƙwayar masara ko wake ke da shi. Iri ba ya tsira sai wani siririn zare na dangin naman kaza da ke cikin ƙasa ya shige shi ya ciyar da shi, wani lokaci shekara biyu ko fi yana ƙarƙashin ƙasa kafin ya fitar da ganyen farko. Zaren nan yana inda yake ne saboda laimar wurin da irin ƙasarsa da ciyawar da ke kewaye. Harabar makaranta, da ƙafafun yara suka daddaɓe, ba ta da ko ɗaya. Ko da tsohuwar ƙwayar ta yi fure sau ɗaya da guzurin da ta zo da shi, ba za ta bar baya ba, ballantana a ce ƙwaron da ke ɗaukar mata garin fure ya biyo ta.

Kafin in zo kan abin yi, bari ka san darajar inda kake zaune, domin na lura mutanen Mambilla sun fi sanin darajar shanunsu da shayin Kakara fiye da ta ciyawar da suke takawa. Tudunku yana kan tsayin kimanin mita 1,600 daga teku, kuma a arewa maso gabas da ku akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya. Duk mita 100 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da fiye da rabin digiri. Shi ya sa wanda ya taso daga Serti da gumi yake isa Maisamari yana neman rigar sanyi. Tsiron da ya saba da wannan sanyin da hazon safiya ba zai iya sauka ƙasa ya ratsa zafin kwarin Binuwai ya je wani tsaunin ba. A wurinsa tsauni tsibiri ne, zafi kuma shi ne ruwan da ya kewaye shi. Jerin tsaunukan da ya taso daga Dutsen Kamaru, ya bi ta Bamenda da Oku, ya shigo Obudu da Mambilla da Gotel, tsibirai ne a jere, kuma dangin tsirranku na kusa sau da yawa suna can Habasha ko Tanzaniya. An taɓa samun wani tsiro mai suna Metarungia pubinervia a kurmin Mambilla, alhali kafin nan a gabashi da kudancin Afirka kaɗai aka san shi, dubban kilomitoci daga nan. Tsiron da ya daɗe a keɓe kuwa yakan sauya har ya zama jinsi na kansa, wanda babu shi a ko'ina sai kan wannan tudun, wani lokaci ma a kwari ɗaya. Irin wannan, gona ɗaya ko gobara ɗaya ta isa ta shafe shi daga duniya.

Ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari tana da ma'auni na matakin ƙarshe kafin ɓacewa. Idan manyan da ke iya haihuwa ba su kai 50 ba a duk duniya, ko filin da jinsin ke zaune a kai bai kai murabba'in kilomita 10 ba kuma yana raguwa, ko yawansa ya faɗi da kashi 80 cikin 100 a shekara goma ko zuriya uku, to ya shiga wannan mataki. Maƙwabtanmu na Kamaru sun yi wannan lissafi da gaske: Jean-Michel Onana da Martin Cheek sun fitar da kundi a 2011 mai ɗauke da tsirrai masu fure 815 da ke cikin haɗari a ƙasar, da yawansu a tsaunukan da ke jingine da naku. Akwai Newtonia camerunensis, babbar bishiya ta tsaunukan Bamenda da aka daɗe ba a gani ba har aka sake samunta a wasu 'yan guntayen kurmi. Akwai Ternstroemia cameroonensis, wadda sai a 2017 aka raɗa mata suna, kuma ranar sunan ta riga ta shiga matakin ƙarshe. Iyakar Najeriya da Kamaru ba ta dame tsiro ba. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne an fi taka nasu tsaunukan da littafi da alƙalami.

Wannan ya kawo mu aikin farko, wanda ba ya cin ko sisi kuma ɗalibanka za su iya: a san ko wane ne furen, a san nawa ne. Ka ɗauki hoto da waya, na dukan tsiron a inda yake, na fure ɗaya daga gaba da daga gefe, domin a dangin okid ɗan ƙahon da ke bayan fure yana cikin abin da ake rarrabe su da shi, sannan na ganye. Ka sa biro ko tsinken ashana a gefe don a gane girma. Ka rubuta rana da wurin, da lambar da waya ke bayarwa ta inda kake tsaye. Tunda ashirin ne kacal, kada ka tsinke kara ko ɗaya. Fure biyu daga ƙasan zangarniya sun isa, a matse su a tsakanin takardun jarida. Ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, aikinsu ke nan. Mafi kusa da kai kuma tashar bincike ce ta Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, kuma zan dawo kanta. Wani gargaɗi: kada ka saka ainihin wurin a Facebook. Hoton fure ba laifi, amma wanda ya ji ana cewa abu ya yi ƙaranci, tunaninsa na farko shi ne ko magani ne, ko ana saye.

Ƙirga kuwa yana da ladabi. A kafa turaku huɗu a kusurwoyin dausayin, a riƙa ƙirgawa a mako ɗaya na kowace shekara, a rubuta masu fure daban, masu ganye kawai daban, sannan bayan wata guda a koma a ga nawa suka yi kwanso. Yara su tsaya a layi a gefe, mutum biyu kaɗai su shiga, domin aji guda ya bi ta kan dausayi ya fi garken shanu ɓarna. Okid na ƙasa suna da wata ɗabi'a mai ruɗa mutum: ƙwaya takan kwanta shekara guda ba ta fito ba, baɗi ta ɓullo. Saboda haka ashirin na bana ba hukunci ba ne. Lissafin shekara uku zuwa biyar ne zai nuna maka ko raguwa ce ta gaske, lissafin kwanso kuma shi zai gaya maka ko matsalar ta barbara ce. Fure ashirin da babu kwanso ko ɗaya, tsofaffi ne a gidan da aka daina haihuwa.

Yanzu itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. Ban raina shi ba. Shi ne katakon rufi da itacen girki da kuɗin makarantar yara a gidaje da yawa a Mambilla, kuma duk wanda ya sare turare ya bar kurmi ya yi wa kurmi alheri. Amma baƙo ne daga Ostareliya, mai saurin girma da yawan shan ruwa, ganyensa da ke zuba ba ya saurin ruɓewa, kuma ka duba da idonka ƙarƙashin kowace gonar turare da ta kai shekara goma ka gaya mini furen da ka gani. Idan ka jera dubu a gefen rafi, inuwa za ta rufe dausayin, laimar rani za ta ja baya, furenka kuma ɗan rana ne mai son ƙafarsa cikin danshi. Akwai wani kuskure da ya yaɗu har cikin ofisoshi, cewa duk filin da babu bishiya lalataccen daji ne da ke jiran a shuka masa. Ciyayin tsauni tsohon gida ne mai mazauna na kansa, da yawansu a ɓoye a ƙasa kamar albasar kwaɗi da rumana, suna jiran ruwan farko. Tanzaniya ta gane haka har ta mai da tudun Kitulo wurin shaƙatawa na ƙasa a 2005 domin furanninsa, ba domin zaki ko giwa ba. Galibi ciyawa ce, amma tana ɗauke da tsirrai kimanin 350, ciki har da okid na ƙasa 45. Idan kuna son turare, ku kai shi kan tudu mai nisa da ruwa, inda aka riga aka nome.

To me ke cin furen naka? A tudunku abu uku ne suka fi yawa, kuma sai ka zauna a wurin ka gane wanne ne. Na farko kofato. Mambilla ba ta da ƙudan tsando, shi ya jawo shanu suka yawaita tun wajen shekarun 1940, kuma yawan kiwo ya sauya fuskar ciyawar kanta: inda a da ake da dogayen ciyayi iri-iri, yanzu wata gajeriyar ciyawa mai tauri, Sporobolus, mai fitowa dunƙule-dunƙule, ita ta mamaye wurare da yawa. Da rani kuwa duk garke dausayi yake nufa, nan ne kaɗai kore. Saniya ba ta damu da okid ba, amma ƙafarta tana nutsewa cikin taɓo ta murƙushe ƙwayar, ta kuma buɗe hanyar da ruwa zai zaizaye. Na biyu noman rani a fadama, musamman idan aka haƙa lambatu don tsane ruwa. Na uku wuta.

A kan wuta nake so in daɗe, domin nan ne masu kishi irinka suka fi yin kuskure. Ana ganin hayaƙi sai a ce a hana ƙuna baki ɗaya. Makiyayi yana ƙona tsohuwar ciyawa ne don sabon toho ya fito wa dabba, kuma ciyayin nan sun daɗe da sanin wuta. Shi ya sa suke ɓoye rayuwarsu a ƙasa. Wasu ma sai bayan ƙuna suke fure. Idan ka katange dausayi ka hana wuta da kiwo shekara biyar, matacciyar ciyawa za ta taru ta yi katifa, ƙananan furanni su rasa rana, kuma ranar da wuta ta kuɓuce ta shiga, za ta ci da zafin da ba ta taɓa yi ba. Abin dubawa shi ne lokaci. Wutar farkon rani, wajen Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da sauran laima kuma furanni sun riga sun zubar da iri, takan wuce da sauri ta lashe sama ta bar ƙasa. Wutar ƙarshen rani, Fabrairu zuwa Maris, da iskar hunturu a bayanta, ita ce ke dafa ƙasa, ita ce kuma ke cin bakin kurmi taku ɗaya taku biyu kowace shekara har kurmin ya koma zare. Kurmi da dausayi ba magani ɗaya suke sha ba: kurmi ba ya son wuta ko kaɗan, dausayi yana jure mai sauƙi jefi-jefi. Don haka a share hanyar wuta mai faɗin taku biyar zuwa goma a gefen kurmi tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, dausayin kuma a ƙona shi da wuri, da sassafe ko da yamma lis, ba kowace shekara ba, kuma rabi-rabi, don ka kwatanta ɓangaren da aka ƙona da wanda aka bari. Littafin ƙirgarka shi zai raba gardama.

Wannan ba zance ne na cikin aji ba, ana yin irinsa a kusa da kai. Gandun Ngel Nyaki an keɓe shi a 1969, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin bai wuce bakwai da 'yan kai ba, sauran ciyawa ce da siraran kurmin bakin rafi. J. D. Chapman ya zagaye kurmukan yankin a shekarun 1970 yana rubuta abin da ke ciki, daga baya 'yarsa Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke New Zealand ta dawo ta bi sawunsa, ta kafa aikin binciken kurmin tsauni da ke da tasha a can, tare da jami'o'in gida irin ta Jihar Gombe. Mafi yawan masu aikin yau da kullum 'yan ƙauyukan wurin ne. Sun katange wasu filaye a bakin kurmi, suna share hanyar wuta, suna renon itatuwan asali suna dasawa, kuma a wani fili mai sama da hekta 20 sun auna kowace bishiya sun rataya mata lamba, sama da 40,000, jinsi fiye da 100. Wani abin da binciken wurin ya nuna yana da daɗin ji: gafiya, wadda muke ɗana wa tarko, tana kwasar manyan 'ya'yan itace kamar na Carapa ta binne don gobe, wanda ta manta shi ke tsirowa. Birai da manyan tsuntsaye su ma suna haɗiye 'ya'ya su kai nesa. Maharbin da ya ƙarar da su ya sare bishiyoyin jikokinsa ba tare da ya taɓa gatari ba. Ka kai ɗalibanka can su gani. Tafiyar ba ta kai ta Jalingo ba.

Idan kana so ka ajiye wani abu a hannu saboda tsaro, wannan tunani ne mai kyau, sai dai iri ake ajiyewa, ba uwa ba. Ƙa'idar masu tara iri ita ce kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya nuna a ranar, kuma ga tsiro mai ƙaranci irin naka ni ba zan wuce ɗaya cikin goma ba. A ɗiba kaɗan-kaɗan daga uwaye da yawa, kowace uwa da ambulan ɗinta na takarda, ba leda ba, domin leda tana tara gumi iri ya yi fumfuna. A babban rumbun iri na lambun binciken tsirrai na Kew, da ke Wakehurst a Ingila, wanda aka buɗe a 2000, ana busar da iri a ɗaki mai sanyi da ƙarancin laima, sannan a rufe a kwalba a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili. A gida muna da cibiyar NACGRAB a Ibadan mai irin wannan aiki. Amma rumbu ba ya karɓar kowa. Duk manomi ya san ƙwallon mangwaro ko goro idan ya bushe ya mutu, kuma yawancin manyan itatuwan kurmi haka 'ya'yansu suke. Wani bincike na masana Kew a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 36 cikin 100 na tsirran da ke matakin ƙarshe na haɗari irinsu ba ya jure busarwa. Su sai a shuka nan take. Irin okid yana busuwa, amma tsirar da shi aikin ɗakin gwaji ne, a cikin kwalba mai tsafta. Abin da kai za ka iya yi da hannunka ya fi sauƙi: idan kwanso ya fara tsagewa, ka karkaɗe shi a kan ƙasa mai laima taku ɗaya ko biyu daga uwar, inda zaren nan mai ciyar da shi ya riga ya ke.

Sha'awar dashen da ɗalibanka ke da ita kuma kada a kashe ta, a juya ta. Ku yi lambun reno a makaranta na itatuwan kurmin bakin rafinku, daga 'ya'yan da kuka tsinta a ƙasa a yankinku, ba waɗanda aka kawo daga wata jiha ba. Cikinsu ku nemi Prunus africana, bishiyar tsauni mai baƙin ɓawo da ake haɗa maganin ciwon mafitsarar maza da shi. Cinikin ɓawonta ya yi mata illa a Kamaru har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, a 1995, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da sayenta daga Kamaru a 2007. Mu a Taraba mun ga kwatankwacin haka da idonmu lokacin da aka yi wa madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, wawa a ƙasan tudu. Ku dasa a inda kurmi ya taɓa kasancewa, a giɓin da wuta ta ci, da farkon damina, kuma ku ƙirga waɗanda suka rayu bayan rani biyu, domin wannan ne adadin gaskiya. Bishiya 100 da aka bi da ruwa da shinge sun fi 1,000 da aka ɗauki hoto da su ranar biki.

Saura abu mafi wuya, wanda ba a koyar da shi a sashen ilimin tsirrai. Dausayin nan yana da mai shi, ko masu shi: wani yana da takardar filin kiwo, wani kakansa ya noma gefen, wani nan ce mashayar garkensa. Kai ɗan Mambilla ne, ka fi ni sanin yadda maganar ƙasa take da zafi a tudun nan, kuma ba a manta da rikicin manoma da makiyaya na 2017 ba. Malamin makaranta da ya wayi gari ya kafa waya a bakin rafi, ko da niyyarsa fure ce, ba fure za a gani ba. Saboda haka kafin turke ɗaya ya shiga ƙasa, ka je wurin Jauro, ka je wurin Ardo, ka nemi dattijan manoma, ka kai su wurin da ƙafa su ga abin. Ka roƙi kaɗan: fili kamar rabin filin ƙwallo, watannin fure da zubar iri kaɗai, da alkawarin cewa mashaya tana nan a buɗe, in ya yiwu a gyara wa shanu wurin sha mai tsakuwa a ƙasa da dausayin. Shingen ma ya fi kyau ya zama na ƙaya ko na itace wanda aka kafa tare, mai ƙofa. Ka tambayi tsofaffin makiyaya da matan da ke ɗiban ruwa sunan furen da Fulatanci da harshen Mambilla, da inda kuma suka taɓa ganinsa. Sau da yawa yaron da ke bin shanu ya san dausayi uku da ke da shi waɗanda kai ba ka taɓa zuwa ba, kuma wannan labarin ya fi duk abin da na rubuta maka tsada.

A Kilum-Ijim, kurmin da ke kan Dutsen Oku mai mita 3,011 a Kamaru, an fara aiki da al'umma a 1987 lokacin da gonaki ke hawa tsaunin shekara bayan shekara. Abin da ya tsayar da su shi ne iyakar da sarakunan gargajiya da mutanen ƙauyuka suka shata da kansu, da kuma zuma. Farar zumar Oku daga furannin itatuwan kurmin take samuwa, ta sami rajistar sunan asali a 2013, kuma mai amya a cikin kurmi ba ya bari a sa wuta. Mambilla ma ƙasar zuma ce. Amya biyar a bakin kurmin rafinku, a hannun mutanen da ke da iko da wurin, za su yi gadin da malamin daji ɗaya mai kula da ƙauyuka goma ba zai iya ba.

Idan rafin naku ya faɗa cikin gandun gwamnati, sai ka sanar da ofishin gandun daji na Gembu kafin ka ɗebi ko iri, idan kuma cikin babban gandun ƙasa na Gashaka Gumti ne to izini a rubuce ake nema daga hukumar wurin. Dukan dangin okid suna ƙarƙashin CITES, don haka duk baƙon da ya zo yana tayin sayen ƙwayar don fita da ita waje, ka san ba da hanya ya zo ba. Bana dai aikinka hoto ne da turaku huɗu da littafi ɗaya mai bango mai kauri, sai gaisuwa gidan Jauro da gidan Ardo kafin ruwa ya ɗauke. Idan hotunan sun samu ka turo mini, na gefe ɗin nan musamman, in ga ƙahon.